Ɗalibin da Bai Koma Aji Ba: Sharhi a Kan Littafin Luriya

Na san abin da aka saba gani a wannan fili shi ne sharhin waƙa, ko wasan kwaikwayo, ko ƙagaggen labari na Hausa. To, yau sai 'yan'uwa ɗalibai da malamanmu su yi mini aikin gafara, domin littafin da na ɗauko ba Bahaushe ne ya rubuta shi ba, ba kuma ƙagagge ba ne. Wani masanin ƙwaƙwalwa ne mutumin Rasha, Aleksanda Luriya, wanda aka haifa a 1902 ya rasu a 1977, ya wallafa shi da Rashanci a 1971. Aka fassara shi da Turanci a 1972 da sunan The Man with a Shattered World, watau mutumin da duniyarsa ta tarwatse. Labarin wani ɗalibi ne da harsashi ya shiga kansa, ya shekara ashirin da biyar yana fafutukar komawa ga karatu.

Ya kamata in faɗi abin da ya kai ni ga littafin, don kada a zaci neman suna ne da karatun littattafan nesa. Akwai ɗan wan mahaifina da muka tashi gida ɗaya a Kanya Babba. Yana aji biyu a jami'a ya zo hutu, ya faɗi a babur a hanyar Ɓaɓura, ba hular kwano a kansa. Kwana tara ya yi a wani asibiti a Kano bai san wanda ke kansa ba. Bayan shekara guda ya koma makaranta da ƙafarsa, ba gurgunta, ba makanta, sai tabo ɗaya a bayan kunne wanda hula ke rufewa. Amma in ya ɗauki shafi yana karantawa, kafin ya kai ƙasa abin da ke sama ya gudu. Abokan karatunsa suka rabu biyu. Wasu suka ce ai ya warke, lalaci ne kawai. Wasu suka ce ya taɓu. Ni kuwa da na san shi tun muna kiwon awaki, na san duk ba haka ba ne, amma ba ni da kalmar da zan ba su amsa da ita. Neman wannan kalma ne ya kai ni ga Luriya.

Tauraron littafin sunansa Lef Zasetski. An haife shi a 1920 a lardin Tula, ya yi shekara uku yana karatun injiniya a babbar makarantar fasaha, sai Jamus ta auka wa Tarayyar Sobiyet a 1941, aka ɗebe shi soja. Ranar 2 ga Maris 1943, a fagen daga na wajen Simolensk, aka harbe shi a kai ta ɓangaren hagu, can wajen ƙeya zuwa sama. Bayan kamar wata uku aka kai shi asibitin farfaɗo da sojoji da ke Kisegach a duwatsun Ural, inda Luriya ke aiki. Daga nan suka ƙulla, likita da majinyaci, har ƙarshen rayuwar likitan.

Abin da harsashin ya ɓata yana da wuyar bayani, kuma a nan ne littafin ya fara nuna gwanintarsa. Wurin da ya samu rauni shi ne mahaɗar da ƙwaƙwalwa ke tara abin da ido ya gani, da abin da kunne ya ji, da abin da fata ta taɓa, ta ɗinke su su zama abu guda mai ma'ana. Idanunsa lafiya lau, amma rabin dama na duk abin da ya duba babu shi, domin ƙeyar hagu ita ke kula da gani na dama. Hausawa na cewa jiki magayi, to shi nasa jikin ya daina gaya masa kome: sai ya nemi inda ƙafarsa ta dama take ya rasa, wani lokaci ya ji kamar tana sama da kafaɗarsa. Bai san dama da hagu ba. In ya fita ƙofar gida kaɗan sai ya ɓata. Mutumin da ya yi shekara uku yana lissafin injiniya ya dubi jarida ya ga baƙaƙen kamar na wani harshe da bai taɓa gani ba. Amma ɓangaren goshi, mai tsara niyya da auna kai, harsashi bai taɓa shi ba. Saboda haka ya san sarai abin da ya rasa, ya san ko shi wane ne a da, kuma yana so ya koma. Wannan shi ne jigon littafin gaba ɗaya, kuma shi ne azabar da ke cikinsa.

Ba zan ɗora littafin a gadon fiɗa in bi shi gaɓa-gaɓa kamar yadda aka koya mana a aji ba, amma dole in tsaya a kan zubinsa, domin zubin ne ya bambanta shi da littattafan likitoci. Murya biyu ce ke magana. Zasetski ya rubuta tarihin ciwonsa da hannunsa, shafi wajen 3,000 cikin shekara ashirin da biyar, wata rana ya wuni cur a kan rabin shafi. Luriya ya tsinto daga ciki, ya jera, yana sa baki a tsakani da bayanin yadda ƙwaƙwalwa ke aiki. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Likita kuma shi ya san yadda aka yi rufin. In da majinyacin ne kaɗai ya yi magana, da mun ji tausayi ba mu fahimta ba. In da likitan ne kaɗai, da mun fahimta ba mu ji kome ba. Ɗalibin adabi da ke neman misalin yadda tsarin littafi ke yi wa jigo hidima, ga shi nan.

Inda ya fi kama ni, kuma ina jin zai fi kama 'yan ajin nahawu, shi ne batun jimla. Zasetski ya san ma'anar kalmomi ɗai-ɗai, amma dangantakar da ke tsakaninsu ta kuɓuce masa. Luriya yana da wata 'yar jarrabawa da yake yi wa irin waɗannan majinyata, wadda in aka maido ta Hausa za ta zama haka: mene ne bambancin ƙanen uba da uban ƙane? (Da wa na so in yi misalin, sai na ga in na rubuta "uban wa" a mujallar da malamai ke karantawa za a ce zagi na yi.) Kalmomi biyu ne, ƙane da uba, ba a ƙara ba a rage ba. Abin da ya sauya shi ne wanda ya zo gaba, da inda ɗan harafin nan na mallaka ya maƙale. Amma na farko baffanka ne, na biyu mahaifinka. Kai mai karatu ka raba su kafin ƙiftawar ido, ba ka ma san ka yi wani aiki ba. Zasetski kuwa sai ya ga ƙane, ya ga uba, ya tsaya. Haka in aka ce masa wannan ya fi wancan girma, ko wannan yana ƙarƙashin wancan, ko abu kaza ya faru kafin abu kaza. Duk maganar da sai an riƙe abu biyu a zuci lokaci guda an auna su, ta fi ƙarfinsa.

To, don Allah a dubi takardar tambayoyin kowace jarrabawa da muka taɓa zama a wannan jami'a. Kwatanta kaza da kaza. Bayyana dangantakar kaza da kaza. Kawo dalilan da suka haddasa kaza, ban da waɗanda aka ambata a tambaya ta biyu. Ashe karatun jami'a kacokan a kan ƙanen uba da uban ƙane aka gina shi. Mun yi shekaru muna zana bishiyar li'irabi a allo, muna ɗaukarta wasan malamai. Sai da na karanta wannan babi na gane cewa bishiyar nan a cikin naman kai take da saiwa, kuma ƙarfe na iya tsinke ta.

Babin da ya fi daɗi shi ne na yadda ya koma rubutu. Da farko an yi ta koya masa baƙi ɗai-ɗai kamar ɗan aji ɗaya, abin ya ƙi, domin da ya tsaya tunanin siffar harafi sai ta watse masa. Sai Luriya ya ce masa ya bar tunani, ya rubuta kalma a tashi ɗaya ba tare da ɗaga alƙalami ba. Hannu ya tafi da kansa. Kalmar da ta fara fitowa ita ce jini. Abin da ido ya manta, hannu bai manta ba, domin motsin da aka saba da shi shekara da shekaru wani wuri dabam yake zaune a ƙwaƙwalwa. Haka kuma wajen gane haruffa: in ya ga baƙi ya kasa tuna sunansa, sai ya faro jerin bakaken daga farko da ka, yana bi har ya iso kansa. Duk wanda ya yi makarantar allo ya san wannan dabara. Sau nawa aka tambaye mu aya daga tsakiyar sura muka kasa, sai da muka koma muka faro daga kai, harshe ya kawo mu wurin da kansa? Luriya bai san tsangaya ba, amma abin da ya gano alarammomi sun daɗe suna aiki da shi. Sai dai ga abin takaici: Zasetski yana iya rubutawa, amma karanta abin da ya rubuta wahala ne, don haruffa biyu ko uku kawai yake iya gani a kallo ɗaya. Marubuci ne da bai iya bitar littafinsa.

Yanzu sai ƙarshen labarin, wanda a kansa ne na fi son mu yi gardama. Bai warke ba. Ya zauna da malamai ya sake faro lissafi da kimiyyar da ya sani a da, abin da aka koya masa yau gobe babu shi. Bai koma makarantar fasaha ba, bai karɓi takardar shaida ba. Ya zauna a garin Kimofsk da ciwon kai da farfaɗiya, yana rubutu, har ya rasu a 1993, shekara hamsin bayan harbin. Abin mamaki, sunan littafin na Rashanci ma'anarsa duniyar da ta ɓata aka kuma maido ta. A ganina wannan suna ya yi alkawarin da littafin bai cika ba, kuma mai fassara ta fi marubucin gaskiya da ta tsaya a kan tarwatsewa. Abin da aka maido wa Zasetski shi ne alƙalami. Duniyar kam ba ta dawo ba.

Na tsaya a kan wannan ne saboda mu a namu adabin mun saba da wani ƙarshe dabam. Kowa ya san yadda abin yake a littattafan soyayya da finafinan Kano, al'adar da muka aro daga finafinan Indiya. Saurayi ya yi haɗarin mota, a naɗe masa kai da farin bandeji, ya farka bai san sunansa ba, amma yana magana tiryan-tiryan, yana tuƙi, yana kasuwanci, har ya yi sabon aure. Can kusa da ƙarshe ya sake buguwa a kai, ko ya ji muryar tsohuwar budurwarsa, sai kome ya dawo kamar an kunna fitila. Kusan duk abin da ke cikin wannan zubi a juye yake. Wanda ya bugu a kai ba kasafai yake manta sunansa da danginsa ba. Abin da ya fi gagararsa shi ne riƙe sabon abu, watau ainihin aikin ɗalibi. Bugu na biyu kuwa ba magani ba ne, ƙarin ɓarna ne. Ba laifi ba ne marubuci ya ƙaga, amma in ƙagen ya zama shi ne kaɗai ilmin da jama'a ke da shi a kan wani ciwo, to ya fara cutarwa. 'Yan ajin ɗan'uwana da suka ce lalaci ne, daga finafinai suka yi karatun likitancinsu: tun da ya san sunansa, ya gane mu, ai ya warke.

Akwai kuma wani labarin na gaskiya da ya fi na Zasetski yaɗuwa, mai daɗin ƙarshe. Malala Yusufzai, 'yar Pakistan, an harbe ta ita ma ta hagun kai a kwarin Swat ranar 9 ga Oktoba 2012. Ƙwaƙwalwarta ta kumbura har likitocin Peshawar suka cire wani ɓangare na ƙoƙon kanta, aka kai ta Birmingham a Ingila, a farkon 2013 aka rufe wurin da farantin ƙarfe aka sa mata na'urar ji a kunnen hagu. A 2020 ta gama digiri a Jami'ar Oxford. Madalla da ita. Amma kada a jera su biyu a ce ita ta yi himma shi bai yi ba. Mutumin da ya yi shekara ashirin da biyar yana kokawa da rabin shafi, ba a koya masa himma. Bambancinsu yana ga inda harsashi ya bi, da zurfin da ya yi, da shekara saba'in na ci gaban aikin tiyata da ke tsakaninsu, da irin makarantar da ta karɓe ta. Duk wanda ya ce wa majinyaci dubi wance ta gama kai ma ka dage, ya ɗora masa laifin abin da ba shi ya zaɓa ba.

Littafin yana da nasa aibi, ba kuwa ƙanana ba. Na farko, maimaici. Kukan rashi ɗaya ne ake ta yi babi bayan babi, har mai karatu ya ƙosa. Ana iya kare shi a ce ai ciwon ne haka, kullum jiya i yau, kuma na yarda da rabin wannan kariya. Na biyu ya fi damuna. Zasetski ya zauna da mahaifiyarsa da 'yan'uwansa mata, su ke fama da shi dare da rana, amma a littafin kamar inuwa suke wucewa. Ba a ba su baki ba ko sau ɗaya. Bahaushen da ya san jinya, ya san wanda ke kwana a tabarma a gindin gadon asibiti, ya san wadda ta sayar da tumakinta aka yi hoton kai, zai ji an bar rabin labarin a waje. Luriya ƙwaƙwalwa ɗaya ya sa wa ido, alhali ciwon kai irin wannan gida guda yake kamawa. Na uku, likitan ne ya zaɓi abin da za mu gani daga shafi 3,000, littafin kuwa bai kai shafi 200 ba, kuma sunansa ne a bango.

Sai gargaɗi ga wanda zai karanta shi don wani nasa. Raunin harsashi dabam, raunin faɗuwa a babur dabam. Harsashi wuri ɗaya yake ɓatawa ya bar saura. Faɗuwa kuwa girgiza ƙwaƙwalwa take yi a cikin ƙoƙo, ta gurje ta ta goshi da gefe, ta ja siraran jijiyoyin da ke sada sassanta. Shi ya sa abin da aka fi gani ga 'yan haɗari shi ne saurin gajiya, da kasa tsayar da hankali, da jinkirin fahimta, da saurin fushi, wani lokaci har da rashin sanin cewa wani abu ya sauya. Ɗan'uwana yana raba ƙanen uba da uban ƙane ba wahala. Abin da ba ya iyawa shi ne zaman awa uku a zauren jarrabawa mai mutum ɗari biyar, ana tari, ana jan kujera, mai tsaro na shelar saura minti talatin. Ilmin yana nan. Lokaci da hayaniya ke raba shi da shi.

A nan ne na koma kan kalmar da na fita nema. Hausa ta tanadi suna da matsayi ga naƙasar da ido ke gani. Akwai makaho da Sarkin Makafi, akwai gurgu da Sarkin Guragu, akwai kuturu da nasa sarkin. Aliyu Namangi na Zariya makaho ne, ba kuwa wanda ya taɓa cewa Imfiraji ta ragu da wannan. Hukumar JAMB ma tun 2017 take shirya wa makafi jarrabawarsu ta musamman, kuma a Janairun 2019 aka sa hannu a dokar hana nuna bambanci ga masu naƙasa. Amma wanda rauninsa ke ƙarƙashin hula ba shi da sarki, ba shi da suna. In ba a ce lafiyarsa ƙalau ba, sai a ce taɓin hankali, ko a ce iska. Littafin Luriya bai ba ni kalma ɗaya tilo ba, amma ya nuna mini cewa hankali ba tulu ba ne da ko dai ya fashe ko yana nan. Gida ne mai ɗakuna, ɗaya na iya rushewa maigida na zaune a zaure da cikakken saninsa. Wannan aiki ne da ya rataya a wuyan ƙungiya irin tamu, mu da muke taƙama da ƙirƙirar kalmomi. Mun samo wa nahawu da kimiyyar harshe sunaye ɗaruruwa, ba mu samo wa ɗan ajinmu ɗaya ba.

Ga malamanmu kuma, cikin ladabi. A jami'o'in Ingila abu ne da aka saba a ƙara wa irin wannan ɗalibi rubu'in lokacin jarrabawa, a ba shi ɗaki shiru, a bar shi ya rage darussan da zai ɗauka a zango. Ba a rage masa tambaya, ba a ƙara masa maki. Dabarar Luriya ce dai: in hanya ta toshe a bi ta wadda ta rage. Ɗan'uwana ya samu malami ɗaya da ya bar shi ya zauna jarrabawa a ofishinsa, ya kuwa ci darasin da ya faɗi sau biyu a zaure. Wani malamin ya ce in ya yi masa haka kowa ma zai zo da ciwon kai.

Wa ya kamata ya karanta littafin? Malamai da jami'an jarrabawa da marubutanmu, da duk mai jinyar wani. Majinyacin kansa kuwa, ina shakka. Da hutun da ya wuce na je gida da shi, muna zaune da ɗan'uwana bayan la'asar na riƙa fassara masa wasu wurare. Ya yi dariya a batun faro baƙaƙe daga farko, ya ce shi ma haka yake yi da lambar rajistarsa. Da na zo inda Zasetski ke kasa bin hira in mutane sun yi yawa, sai ya ce in sake karanta masa, ya kira mahaifiyarsa ta ji. Can ya tambaye ni ko mutumin ya gama makarantar. Na ce masa ban kai wurin ba tukuna, alhali na karance littafin sau biyu. 'Yan ajinsu sun yi bautar ƙasa sun dawo, shi saura darussa biyu da kundin digiri, kuma ya roƙe ni in bar masa littafin in na gama. Har yanzu yana cikin akwatina a ɗakin kwanan ɗalibai.